Na Je Makka Ɗauko Ummi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Masu zuwa barka sun sha zamzam, sun ci dabino, amma tambaya ba ta ƙare ba: Inna Hafsatu, yaya Makka? In na ce lafiya lau, sai a ce ba haka ake ba da labari ba. To ga shi sau ɗaya. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a ƙara gishiri.

Ibada ce ta kai ni, amma ba ita kaɗai ba. Ɗana Sani direba ne a Makka, ya daɗe can da matarsa Maryama. A can suka haifi 'yarsu, suka sa mata sunana, shi ya sa ake ce mata Ummi. Ban taɓa ganinta ba sai a waya. Aikin Sani ya ƙare, iƙamarsu, wato takardar zama, za ta mutu ƙarshen zangon karatu. Dole su dawo gida. Ummi ta ce ba inda za ta. Wai za ta zauna wurin ƙanwar uwarta, Zulai, wadda ke zaune can ba takarda. Ta ce in aka matsa mata, ranar tafiya za a neme ta a rasa. Yarinya ba ta wuce sha huɗu ba, amma ta san lungunan garin, kuma ba ta wasa da magana. In ta tsaya bayan takarda ta mutu, ba makaranta, ba asibiti, sai ɓuya.

Sani ya ce in zo Umra, ko za ta ji tawa. Na ce masa ban iya lallashi ba. Ya ce, "Inna, ki zo dai."

Daga Gusau muka hau mota zuwa Kano. A bayan garin Gusau nake zaune tun da aka tashe mu daga ƙauye. Direban ya ƙi tashi sai da rana ta fito sosai, ban ga laifinsa ba. Kusa da ni wata Hajiya ce mai haƙorin Makka, ta sha zuwa, kuma ta ɗauki alhakin koya min komai ba tare da na roƙa ba. Da muka tsaya salla ta leƙa buhuna. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, sai muciyata.

"Muciya za ki kai Makka?"

"Da me suke tuƙa tuwo?"

"Ai ba sa tuwo."

Na ce, "Shi ya sa."

A filin jirgi ma sai da aka buɗe buhun. Ma'aikacin ya shinshina daddawa, ya yi saurin ɗaurewa, ya ce in wuce. Jirgi bai ba ni tsoro ba. Na taɓa kwana cikin gonar dawa ina jin harbi, ƙarar inji ba komai ba ce. Abin da ya dame ni bayan gidansu. Ba buta, wurin ko juyawa ba a yi, kuma da na danna wani abu sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ni da zanena. Na fito ban sake komawa ba. Abinci kuwa a ɗan gwangwani, ko yaron da aka yaye ba zai ƙoshi ba. Amma da aka sanar cewa mun kusa miƙati, kowa ya yi niyya, jirgi gaba ɗaya ya ɗauki Labbaika, nan jikina ya yi sanyi. Hajiya mai surutu ma kuka take.

A Jidda muka bi layin shiga ƙasa. Wata mace ce a cikin kaki take duba mu. Ni da mai kaki ba ma shiri. Ta nuna min in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, injin ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Surfe da wanki da faskare sun cinye zanen yatsuna tun tuni. Ta kira wata, suka yi Larabci. Na ce a raina shi ke nan, daga nan za a juya ni, ko Ka'aba ban gani ba, ko jikata. Sai ta buɗe jakarta ta hannu, ta ɗauko man shafawa, ta kama hannuna tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ya Hajja, shwayya, shwayya," wato sannu-sannu. Mai kaki bai taɓa riƙe hannuna ba sai don ya ture ni. Daga ƙarshe injin ya karɓi ƙaramin yatsa, wanda dama ba ya wani aiki. Ta yi dariya, ta buga hatimi.

Da na fito na tarar Sani ya yi furfura. Ya durƙusa a tsakiyar mutane, na ce ya tashi ana kallonmu. Maryama ta rungume ni. Sai wata doguwa cikin baƙar abaya da tabarau ta matso, ta sumbaci goshina. Na ja baya. A wurinmu yaro tsugunawa yake, su kuwa kai suke nema.

"Sitti," in ji ta.

"Wace ce Sitti?"

"Ke ce. Kaka."

"To takwara, haka kika rame? A Makka ba a ba ku abinci?"

"Ke ma, Sitti, iska za ta iya ɗaukarki."

Na ce a raina, wannan tawa ce. Hausarta rabi da rabi ce, in kalma ta ɓace mata sai ta cusa Larabci ta wuce, amma bakin yana nan.

Ranar muka yi Umra. Ba zan faɗi abin da na ji ba da na ga Ka'aba. Wannan nawa ne. Zan dai ce a wurin ɗawafi akwai wasu gajerun mata masu farin hijabi, suna riƙe da juna kamar sarƙa, in suka taho ba sa ba da hanya ko ga sarki. Ummi ta riƙe gefen mayafina tana tuƙa ni kamar amalanke har muka gama.

Gidan su Sani a Hindawiyya yake, a saman bene. Ba tsakar gida, ba kaza, ba wanda zai leƙo ta katanga ya ce a sam masa wuta. Kowa ya rufe ƙofarsa. Na'urar sanyi kuwa ba ta hutawa, da bargo na riƙa kwana a garin da ake cewa rana na dafa ƙwai. Da safe wake ne da aka dame da mai, suna ce masa ful, da wani burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa, gobe shinkafa, jibi shinkafa. Gahawarsu rawaya ce, ba sukari, a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, kuma in ba ka girgiza kofin ba, ƙara maka za a yi ta yi. Sai da na sha har cikina ya yi ɗaci kafin Maryama ta gaya min. Wata rana Sani ya kawo nama a takarda ya ce siriya ce, abincin Makka. Na ɗanɗana. Na ce, "Tsire ne. Ku daina yi masa ƙarya."

Da na gaji na ɗora tuwo da miyar kuka. Warin daddawa ya bi matakala har ƙasa. Maƙwabciyarsu, wata 'yar Yaman, ta buga ƙofa tana tambaya ko ɓera ne ya mutu. Na zuba mata a kwano. Washegari ta dawo da kwanon a wanke, ta tsaya tana leƙen tukunya. Ummi ta toshe hanci ta ci, sannan ta ƙara.

Duk wannan ban yi mata maganar tafiya ba. Kallonta nake.

Wata safiya mun fito za mu tari tasi zuwa Harami, ƙafata ta faɗa rami a cikin lungunsu. Murfin ƙarfen magudanar ruwa ne ya karye. Na kurje ƙauri. Na zare ƙafata, na kakkaɓe zane, na ce Allah ya tsare gaba.

Ummi ta rikice. Na ce, "Wannan ne rami? Ki zo ki ga kwatar unguwarmu. A buɗe take, a kan hanyar makarantar 'yan mata. Ta ci akuya, ta karya ƙafar yaro."

"Wa aka gaya wa?"

"Allah."

Ta dube ni, sannan ta ɗauko waya ta ɗauki hoton ramin, tana danne-danne.

"Me kike yi?"

"Balag. Ina gaya wa baladiyya."

Maryama ta yi min bayani. Balag shi ne kai ƙorafi, baladiyya kuwa ita ce hukumar gari. A makarantar su Ummi akwai wata malama, Abla Nafisa, haka suke kiran malamai mata, Abla. Ita ta ɗora musu wannan. Kowace yarinya za ta nemi abu ɗaya da ya lalace a unguwarsu, ta gaya wa masu alhakin gyara, ta bi sawu har a gyara, sannan ta zo ta ba aji labari.

Na ce, "Da sunan wa kika aika?"

"Da lambar Baba."

Na ce, "Goge."

"Ya riga ya tafi, Sitti."

Kwanaki suka wuce ba wanda ya zo, hankalina ya fara kwanciya. Ashe ta sake aikawa. Ranar Asabar, ba makaranta, Sani ya fita, ina tsaye ina tuƙa tuwo. Na leƙa ta taga sai ga mota mai fitila a ka ta tsaya a bakin lungu. Maza suka sauko, riguna iri ɗaya. Ɗayansu na duba waya yana duba ƙofofi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizgi Ummi daga kan littafinta, na tura ta banɗaki, na murza makulli. Na tsaya bakin ƙofar gida da muciya, tuwo na ɗiga. Aka ƙwanƙwasa. Maryama na cewa, "Inna, tsaya," ban saurare ta ba. Na buɗe kaɗan. Wani baƙin mutum ne, dogo, ya yi sallama ya yi Larabci.

Na ce da Hausa, "Ba kowa. Wadda ta faɗa ta yi tafiya."

Ya dubi muciya, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Da Hausa ya amsa, irin ta Sakkwatawan da, Larabci na leƙowa a ciki.

"Hajiya, wallahi da irin wagga kakata ka korar mu. Murfi munka kawo. Na kira mai lamba, ya ce ɗiyatai ta, a hau a tambaye ta. So nike ta sauko ta gani da idonta, in ya yi, mu rufe balag."

A bayana Ummi na dukan ƙofar banɗaki kamar za ta ɓalla. Maryama ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Na buɗe wa yarinya. Ta sauka, ta taka sabon murfin da ƙafa biyu, ta ce ya yi. Mutumin ya ce kakanninsa a ƙasa suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Ya tambaya ko tuwon na sayarwa ne. Na zuba masa.

Da suka tafi Ummi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Me ya sa kika kulle ni?"

Na gaya mata, tun da ta tambaya. Ɗana na fari, yayan ubanta, wanda ba na faɗin sunansa. Shi ya hau keke ya je ya sanar da hukuma inda 'yan bindiga ke kwana a dajin bayan ƙauyenmu. Kafin ya iso gida maganar ta riga shi isa kunnensu. Suka zo dominsa, daga baya suka dawo domin ƙauyen. Tun ranar ban sake kai ƙarar ko akuya ba. An gaya mata ya rasu, ba a gaya mata yadda aka yi ba.

Sannan ta ce, "Kuma can kike so in je?"

Na ce, "Ban ce ki so ba."

Da Sani ya dawo ya ji, ya riƙe kai. "Inna, na kira ki ki gyara." Na ce na gaya maka ban iya lallashi ba.

Bayan nan Ummi ta ce sai ta kai ni wurin Zulai, in ga inda za ta zauna, in ga ba abin tsoro ba ne. A Misfala take, tsohuwar unguwa kudu da Harami, masaukai da shaguna da alhazai a ƙafa ko'ina. Ɗakinta a can cikin wani lungu, ƙarami, tsaf-tsaf, yana ƙanshin turare. Lalle take yi wa mata, tana haɗa turaren wuta. Mace mai fara'a. Ta soya mana ƙwai, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka mutu tun tuni ba ta ji ba. Kumatunta ɗaya a kumbure, haƙori ne, ta cusa kanumfari. Na ce asibiti fa? Ta ce, "Inna, da wace takarda?" Ta yi dariya.

Muna cikin hira wata mota ta tsaya a waje. Maganar Zulai ta yanke a tsakiya. Ba ta motsa ba, kunnenta kawai ke aiki. Da motar ta wuce ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba. Na san wannan sauraren. Na yi shekaru ina yinsa.

Da za mu tafi ta rako mu. A bakin ƙofarta wani bututu ya fashe, ruwa na malala, lungun duk santsi. Ummi ta ciro waya. Kafin ta ɗaga, Zulai ta cafke hannunta.

"Ke! So kike a zo nan?"

"Hala," haka Ummi ke kiran ƙanwar uwarta, "gyarawa kawai za su yi."

"Su gyara su tambayi wa ke ɗakin nan? Mayar da ita jaka. In za ki zauna da ni, wannan shi ne na farko da za ki bari."

A cikin tasi Ummi ta juya fuska ga taga. Na ga tana murza wuyan hannunta.

Ana gab da rufe makaranta aka kira taron iyaye mata. Maryama ta tafi da ni. Makarantar a Shisha take, unguwar gidajen iyali, sai da mota. Daga waje katanga ce da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Da muka shiga sai mata suka tuɓe baƙaƙen abaya, wuri ya koma kamar gidan biki. Ashe duk kwalliyar tana ciki.

Abla Nafisa baƙa ce, gajera, mai murya. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Sannu da hanya, Iya." Kakanta Bakano ne. Ita ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ta tambaye ni ko har yanzu ana rini.

A ranar na san cewa Ummi ce arifa, wato shugabar aji, kuma 'yan ajin ne suka zaɓe ta. Ranar kuma ta hisabi ce. Aka ajiye kujera ɗaya a gaban allo, Ummi ta zauna. Malama ta koma can baya ta zauna cikin yara. Maryama na raɗa min fassara.

Wata ta miƙe ta ce, kin yi alkawarin za a gyara labulen taga. Ummi ta nuna labulen, ga shi an gyara. Wata ta ce ruwan sha na ƙarewa kafin azahar. Ummi ta ce ta kai maganar ofis, an ce sai zango mai zuwa, kuma ta gaya wa wadda za ta gaje ta ta ci gaba da bi. Sai wata 'yar ƙarama mai kitso biyu ta miƙe. Ta ce goge allo da jera kujeru bi da bi ne, me ya sa ba a taɓa ganin Rim ta yi ba? Rim ɗin ta sunkuyar da kai. Na dubi jikata, kunnuwanta kamar za su yi hayaƙi. Na ce yanzu za ta yi faɗa, jinina ce. Sai ta ce, "Gaskiya ne. Ƙawata ce, na kauda kai. Ban kyauta ba." Rim ta tashi ta ɗauki abin goge allo ta hau aiki nan take, aji ya kwashe da dariya. Aka ce wanda ya gamsu ya ɗaga hannu. Yawanci sun ɗaga. Mai kitso biyu ba ta ɗaga ba, kuma ba wanda ya harare ta.

Na tambayi Abla me ya sa take wahalar da yara haka. Ta ce, "Iya, yarinyar da ba ta saba tambayar shugabar ajinta ba, in ta girma ba za ta iya tambayar kowa ba. Wadda kuma ba ta saba a tambaye ta ba, kada Allah ya ba ta mulki."

Sai ta ce wa yara ga baƙuwa daga ƙasar su Ummi, in gaya musu yadda muke naɗa shugabanni. Ban so ba, amma na miƙe.

Na ce, "Muna bin layi cikin rana, mu dangwala yatsa. Shi ke nan."

Abla ta fassara. Mai kitso biyu ta ɗaga hannu. Wai yaushe ne ranar da shugaban ke zama a kujera?

Na ce, "Babu."

"An hana ne?"

Na tsaya na yi tunani, don ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. Na ce, "Ba a hana ba. Ba dai mai ajiye kujerar."

Na zauna. Da aka tashi Abla ta riƙe Ummi a bakin ƙofa, ta yi mata magana da Hausa, na san don in ji ne. Ta ce, "Abin da na koya miki ba na Shisha ba ne kaɗai. Duk inda akwai rami yana aiki. Amma sai a inda za ki iya faɗin sunanki."

Da yamma muka je Harami ni da Ummi. Muka zauna a farfajiya muna jiran magariba, tattabaru na yawo a gabanmu. Tun Misfala ba ta yi min doguwar magana ba.

"Sitti, kwatar nan taku. Ban da Allah, wa ake gaya wa?"

"Kansila."

"Yana da bindiga?"

"Tumbi gare shi."

"Kin san gidansa?"

"Kowa ya sani. Shi kaɗai ne mai fenti."

Sai ta ce, "In na je, za ki raka ni wurinsa? Hausata ba ta isa in je ni kaɗai ba."

Na gane abin da take cewa. Ciniki ne. Ita za ta bar garin da aka haife ta, ni zan je ƙofar hukuma da ƙafata. Na tuna keken da ya fita da safe. Na tuna hannun Zulai a wuyan hannun yarinyar nan, da nawa a kan makullin banɗaki.

Na ce, "Zan raka ki. Amma ba zan yi magana ba."

Ta ce, "Halas."

"Mene ne halas?"

"An gama."

Aka kira salla.

Ranar tafiya ba a nemi kowa ba, Ummi ce ta fara sauka da akwatinta. Zulai ta zo sallama, na bar mata muciya da sauran daddawa. 'Yar Yaman ta ce ita fa? Na ce su raba. A jirgi Ummi ta yi kuka tun daga Jidda har muka yi nisa. Ban hana ta ba. Garinta ne.

Gida bai yi mata sauƙi ba, ba zan ɓoye ba. Wuta ta zo ta tafi, ruwa sai an ɗebo, sauro ya yi mata maraba. A makaranta suna ce mata Balarabiya, suna kwaikwayon Hausarta. Ta yi fushi, ta gaji, ta fara ramawa. Yanzu tana da ƙawaye, kuma ta iya zagi da karin Gusau, ban san wa ya koya mata ba.

Wata Asabar da safe ta ce in shirya. Na fito na tarar da 'yan mata biyar cikin hijabi, da hoton kwata a waya, da farar kujerar roba a kan Ummi. Muka tafi. Da muka isa ƙofar mai fenti muka tsaya. Ta ajiye kujerar a inuwa, suka zauna a ƙasa a gabanta, ni na zauna a dakali. Aka ce kansila ba ya nan, alhali ga motarsa. Muka zauna har rana ta take, muka dawo. Ranar na yi ta sauraren motoci. Ba wanda ya biyo mu.

Muka koma. Wannan karon ta ƙofar baya ya fita, mai shayin unguwar ya gaya mana yana dariya. Muka sake komawa, iyayen yara biyu suka biyo mu, har da uwar yaron da ya karye. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya fito yana gyara hula.

"'Yan Makka, me kuma na yi muku?"

Ummi ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi sunanta da na ubanta. Ta nuna kujerar ta ce, "Ranka ya daɗe, bismilla."

Ya dubi kujera, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya dube ni. Na ce ba zan yi magana ba, kuma ban yi ba. Na dai dube shi. Ya zauna.

Yanzu an rufe rabin kwatar da sumunti, ɓangaren makaranta. Ɗaya rabin na nan a buɗe, ya ce sai an saki kuɗin aiki. Ummi ta ce ba ta rufe balag ba.

Masu tambayata yaya Makka, ga ta nan. Na yi Umra, Allah ya karɓa. Na ci wake da safe, na sha gahawa mai ɗaci, na dawo da jikata. Asabar in kun zo ba ku same ni ba, ina ƙofar kansila. Ni ke ɗaukar kujerar yanzu.